Kurakuran da ake yi wajen gane tsiron Juncus a fadamun arewacin Turai

Duk wanda ya taɓa tumɓuke aya a gona, ya murza karan tsakanin yatsunsa, ya san ba ya mulmuluwa, domin kusurwa uku gare shi. Wannan ɗan sani na gona yana da amfani sosai ga ɗalibin ilimin tsirrai da ya tsinci kansa a fadamun Sikotilan ko Finlan ko Suwidin, inda ruwa ke kwance shekara da shekaru a ƙarƙashin gansakukar da ake kira Sphagnum. A can akwai wasu siraran tsirrai masu kama da ciyawa, dangin Juncus, waɗanda nau'o'insu a duniya sun kai kimanin 300. Yawancinsu ko'ina ake tuntuɓe da su, amma kaɗan daga ciki sai an sha wuya kafin a gan su, kuma a kan waɗannan ne ake yawan tafka kuskure.

Tun daga matakin dangi ake fara ɓata. Mutum ya ga kore, siriri, tsaye cikin ruwa, sai ya ce ai Juncus ne. Alhali gida uku ne ke zaune tare a fadamar. Ciyawa ta gaskiya tana da gaɓoɓi, kuma cikin karanta yawanci rami ne. 'Yan uwan aya, irin su Carex, galibi masu kusurwa uku ne. Juncus kuwa karansa mulmulalle ne, sau da yawa cike da farar totuwa. Sai dai kada a riƙe murza kara kamar yankan wuƙa. Kajijin da muka sani ɗan gidan aya ne, amma karansa zagayayye ne. Haka ma a arewa, Eleocharis da Schoenus nigricans duk mulmulallu ne, har Turawa suna maƙala musu suna iri ɗaya da na Juncus, alhali ba su haɗa gida ba. Abin da ba ya yaudara shi ne fure da ɗa. Furen Juncus yana da 'yan ɓawo shida a jere kewaye da kwanso, idan ka fasa kwanson kuma za ka ga ƙwayoyin iri birjik kamar ƙura. Ɗan gidan aya ƙwaya ɗaya tak yake yi a kowane fure. Idan ka tarar da ɓawo shida amma iri uku kacal a kwanso, ga kuma farin gashi a gefen ganye, to Luzula ka riƙe, ɗan uwan Juncus na kusa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai, domin yana cinye wa mutane kwanaki a banza, shi ne neman tsiron a inda ba ya zama. An ji an ce tsiron fadama ne, sai a nufi tsakiyar shimfiɗaɗɗiyar fadamar gansakuka ana ta dube-dube. Irin wannan wuri ruwan sama kaɗai yake sha. Ruɓaɓɓen tsiro ya taru a ƙarƙashinsa har ya raba shi da ƙasar asali, ruwan ya yi tsami, ma'aunin tsaminsa, wato pH, yakan tsaya wajen 4, kuma babu abincin kirki a ciki. Yawancin Juncus ɗin da ake nema ruwa mai motsi suke so, wanda ya ratso dutse ya ɗebo sinadarin kalsiyam. Saboda haka kafin ka sunkuya kan tsiro, dubi ruwan da ke ƙarƙashin takalminka. Tsaye yake ko tsattsafowa yake yi daga gefen tudu? Gansakukar wurin mai laushi ce kamar soso, ko kuwa ta koma duhu-duhu mai ruwan ƙasa, ga tsakuwa tana leƙowa? A duwatsun Sikotilan, idan ka ga furannin Saxifraga aizoides masu ruwan ɗorawa sun bi layin da ruwa ke gangarowa, to ka iso wurin da ya cancanci ka durƙusa.

Dutsen Ben Lawers na Sikotilan, mai tsayin mita 1,214, ya yi suna a wajen masana tsirrai saboda wannan dalili: duwatsunsa suna da kalsiyam, ruwan da ke tsattsafowa daga cikinsu yana ciyar da tsirran da ba a cika samu a sauran Birtaniya ba. A can ne ake yin wani ruɗani da sunaye da kansu suka haddasa. Akwai Juncus biglumis, wato mai fure biyu, akwai kuma Juncus triglumis, mai fure uku. Na farkon shi ne mai wuyar samu, na biyun ya fi shi yawa nesa ba kusa ba. Sai mutum ya ƙirga fure, ya ga biyu, ya rubuta a littafinsa cewa ya ga biglumis. Amma triglumis ma yakan tsaya a fure biyu, don haka ƙirga ba ta raba gardama. Yadda furannin suka zauna ake dubawa. A biglumis ɗaya yana sama da ɗaya, kamar goyo, kuma ɗan ganyen da ke tallafe da su ya zarce su tsawo. A triglumis kafaɗa da kafaɗa suke, ganyen kuma bai wuce kansu ba. Bayan haka a sa gilashi mai ƙara girma sau 10 a kan bakin kwanso: na biglumis a lotse yake, kamar an danna shi da farce, na ɗayan ba shi da wannan lotsawar. Wanda yake son ƙarin tabbaci sai ya yanka ganye ɗaya a kwance da reza. Rami ɗaya a ciki biglumis ne, biyu kuwa triglumis. Duk wannan aikin a kan tsiron da sau da yawa bai kai taƙi ba, shi ya sa mai sauri ba ya gane shi.

Juncus castaneus bai cika wahalarwa ba idan ya nuna, domin kwansonsa manya ne, masu duhun ja da sheƙi, sun zarce ɓawon furen sosai. Ba ya yin cunkus wuri ɗaya, saiwa yake miƙawa ta ƙarƙashin ƙasa, kara ya fito nan, wani ya fito can. Barewa da tumaki suna cinye kansa, kuma idan kan ya tafi, gara ka rubuta cewa ba ka tabbatar ba.

Wannan ya kawo mu ga lokaci. Masu zuwa a farkon Yuni, sa'ad da furanni ke buɗewa, su ne suka fi komawa gida da sunan da ba daidai ba. Kusan duk alamomin da ke raba nau'i da nau'i a kwanson da ya nuna suke: tsawonsa idan aka gwada da ɓawo, siffar bakinsa, launinsa, da ko irin yana da ɗan wutsiya. Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba ne lokacin. Ko bambancin Juncus articulatus, wanda ya cika kowane rafi, da Juncus alpinoarticulatus mai ƙarancin yawa, a nan yake. Ɓawon waje na na farkon yana da tsini, na biyun duk a dakushe suke, kuma sai ka duba furanni da dama kafin ka yanke hukunci.

Akwai kuma masu yin shigar wasu. Juncus bulbosus shi ne shugabansu. A busasshen wuri guntu ne ja-ja, a cikin ruwa ya koma dogon zare mai yawo, wani lokaci ma ƙananan ganye su tsiro daga cikin furensa. Da yawa an ɗauke shi a matsayin wani abu mai daraja. Taɓa gindin karan, za ka ji ɗan kumburi kamar ƙaramar albasa. Haka ƙaramin Juncus effusus da bai samu abinci ba yakan yi kama da Juncus filiformis, wanda ke son bakin tafki inda ruwa ke hawa da sauka. A filiformis furannin 'yan kaɗan ne, kuma kamar a tsakiyar kara suka fito, domin ganyen da ya ɗora daga samansu yakan kai tsawon karan da ke ƙasa. A effusus can kusa da sama suke, a tare da yawa.

Ƙasa ma tana da ta cewa. Juncus stygius, siriri mai kwanso fari-fari kamar tattaka, yana zaune a kwaruruka masu taɓo na manyan fadamun da ake kira aapa a Finlan da arewacin Suwidin, ana kuma samunsa a Rasha da Kanada. Babu shi a Birtaniya, don haka wanda ya ce ya gan shi a Sikotilan ya koma ya sake dubawa. A Finlan ɗin ma mazauninsa ya ragu, tunda an haƙa magudanu an tsane fiye da rabin fadamun ƙasar, galibi don noman itatuwa. Shi kuma tsiron da ake dangantawa da fadamar Rannoch ta Sikotilan, Scheuchzeria palustris, wanda a Birtaniya a wannan yankin kaɗai ya rage, ba Juncus ba ne ko kaɗan duk da kamar da suke yi. Shi yana zama a cikin ruwan tsamin sosai, kuma akwai ɗan rami a ƙarshen ganyensa.

Kada a tumɓuke don a tafi da shi gida a duba. A Birtaniya dokar 1981 ta kare namun daji da karkara ta hana tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai fili ba, kuma ko ba doka, wasu wuraren kara goma ne ko ashirin gaba ɗaya. Ruɓaɓɓen tsiron da kake takawa ma kimanin milimita ɗaya yake ƙaruwa a shekara, sawun takalmi ɗaya yana daɗewa bai cike ba. Tsaya a kan dutse ko busasshen wuri, ka ɗauki hoton kwanso daga gefe da daga sama da ɗan ma'auni a kusa, ka ɗauki gindin karan, sannan ka ja da baya ka ɗauki wurin duka yadda ruwan da gansakukar da maƙwabtan tsirrai za su fito. Rubuta rana da tsayin wurin daga teku kafin ka tashi.