Yadda Ake Gajeriyar Tafiyar Kewaye a Gindin Duwatsun Kufena

Yawancin masu zuwa Kufena hawa ne yake kai su, domin daga saman dutsen ana hango Wusasa da birnin Zariya da gonakin da suka kewaye su. Sai dai hawa ba na kowa ba ne, kuma wanda ya daɗe bai motsa jiki ba, ko yake tafe da yara ko dattijo, ya fi dacewa ya fara da tafiyar kewaye a gindin duwatsun, wato ya tashi daga wuri guda, ya bi turbar da za ta zagaya da shi har ta dawo da shi inda ya fara. Kilomita 3 zuwa 4 sun wadatar, kuma tun da mai matsakaicin ƙarfi yana cin kimanin kilomita 4 a awa guda a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, awa ɗaya da rabi ta isa har da hutawa.

Kada a yi tsammanin samun alluna masu nuna hanya. Turbobin da ke gindin Kufena na manoma ne da makiyaya da masu itace, kowace da inda ta nufa, saboda haka mai tafiya shi zai tsara kewayensa da kansa, kuma a ganina wannan ne aikin da ya fi kowane muhimmanci. Wanda zai je karon farko ya shiga ta Wusasa, ya nemi wani ɗan unguwa da ya san wurin ya yi masa rakiya, ya kuma bayyana masa cewa gajeriyar hanya mai zagayowa yake so, domin in bai faɗa ba, kai tsaye za a nufi hanyar hawa da shi. Kada ya ɗaura niyyar zagaye duwatsun gaba ɗaya. Ya zaɓi ƙaramin dutse guda, ya bar shi a hannunsa na hagu tun daga farko har ƙarshe, ta yadda duk lokacin da turba ta rabu biyu, zai ɗauki wadda ba ta raba shi da dutsen ba. A wurin tashi ya shaida wata alama da ake hangowa daga nesa, kamar doguwar giginya ko babbar kuka ko eriyar kamfanin waya, kuma a kowace mararraba ya waiwaya ya dubi yadda hanyar take ta baya, saboda turbar da aka wuce takan sauya kama idan aka juyo mata. Mai babbar waya yana iya kunna taswira ta riƙa zana masa inda ya bi. Ya kuma duba agogo lokacin tashi, in an ci minti 45 bai ga alamar hanya ta fara lanƙwasowa gida ba, ya juya ya bi sawunsa, babu abin kunya a cikin haka.

Batun tsaro ba abin wasa ba ne a bayan gari a wannan zamani. A tafi mutum uku ko fiye, a sanar da mutanen gida wurin da aka nufa da lokacin dawowa, a kuma tambayi mazauna unguwar halin da ake ciki a ranar kafin a shiga. Idan suka ce a dakata, a dakata. Kada la'asar sakaliya ta riski kowa a can.

Lokacin da ya fi daɗi shi ne bayan sallar asuba da gari ya waye sosai, zuwa wajen ƙarfe 9. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙasa a bushe take, an kawar da amfanin gona, ciyawa ta kwanta, ana ganin turba sarai, sai dai sanyin hunturu da ƙura suna bukatar rigar sanyi mara nauyi da man shafawa, mai asma kuma kada ya bar maganinsa a gida. A Maris da Afrilu rana tana ƙwallewa tun da hantsi, don haka a rage tsawon tafiyar. Damina ta fi kowane lokaci kyan gani, amma ita ce ta fi bukatar hattara: dawa da masara suna rufe hange, kuma falalen dutsen da ruwa ya kwanta a kansa yakan yi baƙar gansakuka mai santsi kamar an zuba karkashi. Duk inda aka ga dutse ya yi wannan baƙi-baƙin yana sheƙi, a kauce masa a taka busasshen wuri. In hadari ya haɗo, a bar kusa da dutse da gindin dogayen itatuwa saboda tsawa.

Kayan tafiyar ba su da yawa. Takalmin kambas mai kaushin ƙasa da safa sun fi silifas nesa ba kusa ba, kuma dogon wando mai kauri yana kare ƙwauri daga ƙaya da ƙarangiya, wadda takan maƙale wa safa har sai an zauna an tsince ta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya riƙe ruwa aƙalla lita ɗaya, wato ledar ruwa biyu, ya riƙa kurɓa kafin ƙishirwa ta kama shi, ya kuma mayar da ledar cikin jaka. Malafa da sanda da ɗan dabino ko gyaɗa sun cika guzuri.

A tafi da saurin wanda ya fi kowa rauni a cikin ayarin, kuma ma'aunin shi ne mutum ya iya hira ba tare da haki ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nemi shawarar likita tun kafin ranar. Tun da hanyar ta cikin gonakin mutane take ratsawa, a tsaya a kan turba, kada a taka kunya, kada a tsinki abin da ba a ba mutum ba, a kuma yi wa duk manomin da aka tarar sallama da "sannu da aiki, Baba", domin shi ne zai nuna hanya idan ta rikice. In aka haɗu da garken shanu, a ja gefe a ba su wuri.

Wurin hutawa ma sai an duba. Inuwar ɗorawa ko tsamiya ta fi kogon dutse aminci, kuma kada yara su ɗaga duwatsu ko su zura hannu cikin rami, saboda kunama da maciji. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau. A cire zobe ko agogo daga gaɓar, a hana ta motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti da gaggawa, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Masana tarihi suna lissafa Kufena tare da Turunku cikin tsofaffin matsugunan Zazzau, kuma har yanzu akwai ragowar tsohuwar ganuwa a yankin, wadda ruwan sama da noma suka zaizaye har wanda bai sani ba zai ɗauka tudu ne kawai. Ina roƙon duk wanda aka nuna masa ita kada ya haƙa, kuma in ya ga tsingaro a ƙasa ya ɗauki hotonsa ya bar shi a inda yake, domin wurin da aka tsinci abu yana cikin abin da masu binciken tarihi suke karantawa.

Wanda Wusasa ta yi masa nisa, ko damina ta hana shi gindin dutse, yana iya tsara irin wannan kewaye a Samaru, a ɓangaren madatsar ruwan Kubanni da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello, bayan ya nemi izinin masu gadi. Ƙasar can a shimfiɗe take, amma a hana yara shiga ruwan ko da da ƙafa ne, saboda kwantaccen ruwa mai katantanwa shi ne matattarar tsargiya.