Yadda na kai lissafi cikin wasiƙa a AppleWorks

Mai sha'awar tsofaffin kwamfutoci ya san AppleWorks, manhajar da ta fito a 1984 don Apple II, wadda ta haɗa rubutu da lissafi da ma'ajiyar bayanai wuri guda. Wannan haɗin ne ya ja ni gare ta. Sai dai da na kwafi jadawalin lissafina zan saka a wasiƙa, ɓangaren rubutu ya ƙi karɓa sam.

Ashe a tsofaffin nau'o'inta, kafin na 3.0 da kamfanin Claris ya fitar a 1989, kwafi ba ya tsallaka tsakanin ɓangarorin biyu. Bugawa ake yi. A cikin jadawalin na danna maɓallin Open-Apple (mai hoton tuffa) da P, maimakon firinta na zaɓi allon ajiyar wucin gadi. Na koma wasiƙar da Open-Apple da Q, sannan Open-Apple da C na ɗauko shi.

Ya shigo, amma layukan sun kakkarye saboda faɗi. Nan na fi daɗewa. Na rage faɗin ginshiƙan, na cire ɗaya marar amfani, na sake bugawa, lambobi suka jeru daidai. A tuna, abin da ya iso rubutu ne kawai. In an sauya lamba a jadawalin, sai an sake bugawa.