Yadda ake karanta hotunan doron duniyar Mars

Duk mai babbar waya a Gombe zai iya sauke hotunan duniyar Mars kyauta, sai dai sauke hoto daban, gane abin da ke cikinsa daban. Wurin farawa shi ne shafin kyamarar HiRISE, wadda Jami'ar Arizona ke kula da ita, tana kuma jikin kumbon da hukumar NASA ta Amurka ta harba a 2005, ya fara kewaya Mars a 2006. A zaɓi ƙaramin hoto, domin manyan suna lashe data kafin a ankara.

Da an buɗe hoton, sai a fara neman inda hasken rana ya fito. Kumbon yana ratsa kowane yanki da misalin ƙarfe uku na rana a lokacin can, saboda haka haske yakan zo daga yamma, inuwa ta kwanta gabas. Ido kuwa ya saba da haske daga sama, shi ya sa rami yakan fito kamar tudu, kwari ya zama tamkar kunyar gona. Idan an yi shakka, a kulle juyawar fuskar wayar, sannan a juya ta, samanta ya koma ƙasa. Nan take tudun zai lotsa ya koma rami.

Bayan haka a duba ma'aunin da ke gefe. A cikakken hoton da ba a rage girmansa ba, kowane ɗigo daga cikin ƙananan ɗigogin da suka haɗa hoton yana wakiltar kimanin santimita 30, don haka dutse mai faɗin mita ɗaya yana ganuwa.

Launi ma ba abin yarda ba ne kai tsaye, domin ana ƙarfafa shi da gangan don a bambance ma'adanai. Shuɗin da ake gani ba ruwa ba ne, galibi baƙin yashi ne na duwatsun aman wuta. Tudun yashi mai siffar jinjirin wata kuwa, ƙahonninsa suna nuna inda iska ta dosa.

Inda ya fi buƙatar hattara shi ne kwazazzaban da ke gangaren ramuka. Mutumin Gombe da ya san yadda damina ke yanka unguwa zai ce aikin ruwa ne, amma masana da dama suna danganta sauyin da ake gani a cikinsu yanzu da ƙanƙarar iskar kabon. Mai neman sawun ruwa na gaskiya ya buɗe hoton ramin Jezero, inda motar bincike ta Perseverance ta sauka ranar 18 ga Fabrairun 2021, ya bi tsohuwar hanyar kogin har inda ta baje laka a bakin tafkin da ya taɓa kwanciya a ramin kafin ya ƙafe.