A kula da irin kwakwar manja kafin a dasa

'Yan uwa manoma, kada ku shuka ƙwallon da kuka tsinta a gindin irin kwakwar da ake kira tenera, komai kyan uwar. Ita tenera, mai siririn ɓawo da tsoka mai kauri, daga barbarar irin dura, mai kaurin ɓawo, da garin furen irin pisifera, marar ɓawo, take fitowa. 'Ya'yanta kuwa rarrabuwa suke: rabi tenera, kashi ɗaya cikin huɗu dura mai ƙarancin manja, sauran pisifera wadda da wuya ta riƙe 'ya'ya. Kuma sai an shekara uku ake gane asarar.

Dashen da aka hayayyafa a ɗakin gwaji yana kwafar uwa sak, amma wasu kan zo da nakasar fure, nonon ya lalace bai nuna ba. Ku nemi wanda aka riga aka gwada a gona.