Babban kare a lokacin hunturu, da batun kai shi gidan ajiya

'Yan'uwa masu karen gadi a gona ko istiraha (gidan shaƙatawa na bayan gari), sanyin Disamba da Janairu a biranen Saudiyya irin su Riyad da Ha'il da Tabuk ba na wasa ba ne, wani daren har ruwa kan daskare. Kada girman kare ya ruɗe ku. Siminti na zuƙe ɗumin jikinsa, tsohon kare kuwa gaɓoɓinsa ke sagewa. Ku ɗora masa katako sama da ƙasa kamar santimita 10, ku shimfiɗa busasshen bargo, ƙofar ɗakin ta juya wa iskar arewa baya. Garwashi a rufaffen ɗaki kisa ne. Ruwan radiyetar mota mai sinadarin hana daskarewa ma haka: yana da zaƙi, kare kan lashe, ƙodarsa ta lalace.

In tafiyar Umara ko ta gida ta taso, kuna tunanin gidan ajiyar karnuka, ku je ku gani da idonku tukuna. Zai iya miƙewa ya juya a kejin? Akwai mai kwana a wurin? Wanda bai nemi katin rigakafi ba, ku bar shi, don wasu karnukan ma bai tambaya ba. A yi allurar ciwon hauka da ta tarin karnuka mako 2 kafin ranar.

Ku kai abincin da ya saba, sauyin gaggawa na kawo zawo. A raba masa sau 2 a rana, ban da guje-guje na awa 1 bayan ci, saboda tumbin manyan karnuka kan kumbura ya murɗe. In yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, a garzaya wurin likitan dabbobi nan take.