Yadda na gyara fankokin kwamfutata bayan na share ƙurar hunturu

A ƙarshen Maris, da zafin Sakkwato ya fara haura digiri 40, na buɗe kwamfutar tebur da nake aikin buga takardu da ita don in fitar da ƙurar da hunturu ya bari. Ƙurar ta yi kauri a fuka-fukan fankoki har sai da na sa burushi. Bayan na mayar da komai na kunna, sai allo ya tsaya da saƙon CPU Fan Error, fankar bayan akwatin kuwa tana gudu da ƙara kamar injin markaɗe.

Na kashe, na cire wayar wuta, na haska tocila a kan babban allon da ke cikin akwatin (motherboard), inda na ga kuskurena: filogin fankar firosesa (CPU, ƙwaƙwalwar kwamfuta) na cusa shi a mazaunin da aka rubuta SYS_FAN, na bar CPU_FAN babu komai. Babban allon yana duba saurin juyawar fanka ta mazaunin CPU_FAN ne, idan bai ji komai ba sai ya ƙi ci gaba don kare firosesa. Na mayar da filogin, ina lura da ɗan tudun robar da ke hana a juya shi baibai.

Ƙarar kuwa dalilinta daban ne. Fankar baya mai fil 3 ce, mazauninta kuma mai fil 4, kuma fil na huɗun nan shi ke ɗauke da siginar PWM mai daidaita gudu. Tunda fankar ba ta da shi, volt 12 cikakke take samu kullum. Na shiga BIOS, wato shafin saitin babban allon, na mayar da mazaunin zuwa tsarin DC, wanda ke rage gudu ta hanyar rage wuta, nan take ƙarar ta lafa.