Yis ɗin burodi a gonar irin dankalin turawa

'Yan uwa masu noman irin dankali, ku gwada yis ɗin da ake kwaɓa burodi da fanke.

Ku sa giram 5 a kowace litar ruwa mai ɗumi-ɗumi, da ɗan sukari.
Ku bar shi awa biyu zuwa uku har kumfa ta taso.
Ku tace da kyalle mai laushi, don gari na toshe bakin famfon feshi.
A fesa wa ganye da yamma, kamar wata guda bayan shuka, a maimaita bayan sati biyu.

Yis na ɗauke da bitamin B da sinadaran da ke sa shuka ta yi toho da jijiya. Ganye ya yi kore shar, 'ya'ya su samu abinci a ƙasa. Mu masu neman iri, 'ya'ya masu girman ƙwan kaza muke so, da yawa.

Amma fa ba ya maye gurbin taki.
Ruwan zafi na kashe shi.
Kada ku haɗa shi da maganin feshin cutar ƙunar ganye, shi ma zai kashe shi. A damina a Bokkos da Mangu na jihar Filato, wannan cutar sai maganinta.

Ku fara da kunya biyu, ku kwatanta da sauran ranar tono.